Sa Hannun Auta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Lauya ce ta sa na sayi littafin nan. Ta ce, "Sista, ki rubuta duk abin da wanda zai riƙe shi yake bukatar sani. Abin da yake ci, abin da yake tsoro, lokacin maganinsa." Na zauna tun azahar, layi ɗaya na iya rubutawa: ba ya son a taɓa masa kai ta baya. Sai na juya shafi na kama wannan.

Ɗana ne, shekararsa talatin da huɗu. Ya fi ni tsawo da kai guda, har da gemu, amma hankalinsa ya tsaya a na ɗan shekara shida, tun zazzaɓin da ya yi yana goye. Marigayi babansa ne ya sa masa Manaja, don shi ke riƙe makullan gidan, kuma kowace yamma sai ya bi shaguna ukun da ke gaban gida ya jijjiga kowane kwaɗo. Unguwa duka ta ɗauka. Ni kaina rabon da in ji an kira sunansa na yanka har na manta.

Ranar ashirin da huɗu za su kwantar da ni a asibiti don tiyata. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, na san yadda likita yake gyara zaman gilashinsa kafin ya faɗi irin wannan maganar. Sati uku nake da shi.

Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 4 ga wata, sha biyun rana

Na koma wurin lauya. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman bene, fanka na ƙara, fayiloli ɗaure da zare har saman kabad. Sau biyu na tsaya a matakala ina yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Ta sake yi mini bayanin, na rubuta a nan don kada ya ɓace mini. Gidan zai fita daga hannuna. Zai koma hannun mutum biyu da za su riƙe shi amana. Ba su da ikon sayarwa, ba su da ikon jinginarwa, ba su da ikon fitar da Manaja daga ɗakinsa. Hayar shaguna ta tafi kan cinsa da maganinsa da mai kula da shi. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, gidan ya koma ga ƙanwarsa Auta, ko 'ya'yanta.

Na ce, "To kawo in sa hannu."

Ta ajiye biro. Ta ce takardar gidan har yanzu sunan marigayi ne a kai, shekara shida ba mu raba ba. Ke nan akwai rabona a ciki, akwai na Manaja, akwai na Auta. Nawa zan iya sa wa hannu. Na Manaja ta ce kotu za ta amince in tsaya masa, ita za ta bi wannan. Na Auta kuwa, sai Auta.

"Sannan mutum biyu," in ji ta. "Kuma, Sista, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A gama kina kan ƙafafunki. Abin da aka sa wa hannu a gadon asibiti, kowa na iya tashi ya ce ba ki cikin hayyacinki."

Ban gaya mata komai ba. Ban san me ta gani ba.

Laraba, 5 ga wata, bayan la'asar

Na kira Auta. Mun yi maganar haƙorin ƙaramin ɗanta da yake fitowa. Ta ce, "Umma, muryarki wani iri." Na ce mura ce.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na jera sunaye a bayan kalanda. Goma sha ɗaya. Na soke tara kafin shayi ya huce. Wannan ya girme ni, wannan matarsa ke juya shi, wannan in ya ga Manaja sai ya canja hanya. Ashe haka mutanen mutum suke ƙarewa in aka zo ƙirga.

Na fita wurin mai kemis. Shekara goma sha tara yana shagon tsakiya. Shi ne yake barin Manaja ya jera masa kwalayen audugar da ya riga ya jera, kuma ya ce masa, "Manaja, aiki ya yi kyau." Na jira masu sayen magani suka ragu, na faɗa masa a tsaye ina so ya zama ɗaya cikin mutum biyun.

Ya daɗe yana goge kanta. Ya ce, "Sista, ni bare ne. Ɗan haya. Gobe a ce na lallaɓa tsohuwa na cinye gidan marayu."

Na ce ba cinyewa ba ce, riƙewa ce, lauya za ta riƙa duba komai.

Ya ce, "Ni na sani, ke kin sani. Dangi fa?" Sai ya dube ni sosai, irin kallon masu aikinmu. "Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau.

Ya ce in ba shi kwana biyu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Baffansu ya zo. Ƙanen marigayi. Ban san bakin da ya kai masa ba, wataƙila an gan ni ina hawa benen lauya. Ya zauna a kujerar yayansa, ya sha ruwa, ya tambayi jiki da gida, sannan ya ce, "Matar yaya, ashe mun mutu ba a gaya mana ba?"

Na ce Allah ya ƙara nisan kwana.

Ya ce, "Yaron nan jininmu ne. In babu ke, ni ne ubansa. Ina amfanin takarda? Gidan nan ya yi wa mutum ɗaya yawa. A sayar, a ba Auta nata, nasa in riƙe masa, ya dawo wurina cikin 'yan'uwansa."

Ba na jin mugunta ce a ransa. Har idonsa ya kawo ruwa da ya ambaci yayansa. Shi ya sa abin ya fi ciwo, don ba ni da wanda zan zaga.

Na ce, "Baffa, kwana ukun nan fa?"

Ya san waɗanda nake nufi. Lokacin da marigayi yake asibiti na ƙarshe, na kai musu Manaja kwana uku. Ya ce, "Ai don kada ya fita titi ne. Mu ba mu saba ba."

Har yau akwai alamar igiyar a wuyan hannun Manaja na hagu. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Duk zaman da ya yi, Manaja na bayan labulen ɗakinsa. Ina hango yatsun ƙafarsa. Da Baffa ya tafi, ya fito ya kulle ƙofar gida, ya jijjiga, ya sake jijjigawa, alhali rana ba ta faɗi ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kira Auta na faɗa mata maganar gidan. Na tsara yadda zan fara tun safe, amma da ta ɗauka sai na zubo shi kamar sanarwa: takarda, mutum biyu, sa hannu, kafin ashirin da huɗu.



Ta ce, "Baffa ya riga ki kira." Ta ce ya gaya mata zan ba mai kemis gidan ubansu. Na fara bayani, ta ce, "Umma, tsaya. Ni ba gidan ne ya dame ni ba. Ranar da na ci jarrabawa ba ki zo ba, Yaya ba shi da lafiya. Ranar da na haihu kin kwana ɗaya kin koma, Yaya ba ya barci sai da ke. Ban taɓa cewa komai ba. Abu ɗaya Baba ya bar mini da sunana a ciki, shi ma in sa hannu in ba Yaya. Kuma da gaggawa. Me ya sa ashirin da huɗu?"

Nan ne wurin faɗa mata gaskiya. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Lauya ce ta sa ranar."

Ta ce, "To ki gaida lauya." Ta kashe.

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na zauna ina neman guda ɗaya da zan ce ta yi ƙari, ban samu ba.

Talata, 11 ga wata, da safe

Ba ta ɗauka.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Ba ta ɗauka. Mijinta ya ɗauka, ya ce tana wanka. Ina jin muryarta tana yi wa yaro faɗa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Asibiti. Jini, hoto, awo. Lauya ta ce in karɓo takardar likita mai nuna hankalina daidai yake, don gudun masu jayayya. Wanda ya yi mini tambayoyin, ni na koya masa neman jijiya lokacin yana ɗalibi. Yau shi ke tambayata, "Sista, yau wace rana ce? Ƙirgo mini daga ɗari zuwa baya, kina cire bakwai." Ya kasa haɗa ido da ni. Na ƙirga masa har ya ce ya isa, na ƙi tsayawa.

Da zan fita ya ce, "Wa zai zauna da ke ranar?" Na ce 'yata. Ya rubuta.

Na tambaye shi cikin goma nawa ke tashi. Ya fara zagaye-zagaye. Na ce, "Ni ce fa." Sai ya faɗa. Ba zan sa shi a nan ba.

Juma'a, 14 ga wata, bayan azahar

Na tambayi lauya in Auta ta ƙi fa. Ta ce sai a saka rabona da na Manaja kawai. Amma gida ba burodi ba ne da za a yanka a miƙa wa kowa nasa. Duk ranar da aka nemi a fitar wa Auta rabonta, ko ita ko wani da sunanta, sai an sayar.

Na ce, "To in na sa hannu a madadinta? Na san yadda take rubuta sunanta."

Ta dube ni ta ce, "Ban ji ba, Sista."

Ni ce na faɗi haka. Ni da ban taɓa ɗaukar ko allura ɗaya daga ma'ajin asibiti ba.

Mai kemis ya ce kwana biyu, yau bakwai. In na fito yana sunkuyar da kai cikin kwali.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na faɗi a banɗaki. Ba suma ba ce, ƙafafun ne suka ƙi. Na yi kamar rabin awa a ƙasa. Manaja ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Umma, tashi. Umma, ƙasa datti." Na ce ya miƙo mini hannu. Ya ɗaga ni kamar tsumma, ya kai ni gado, ya jawo bargo ya rufe ni har kai, yadda nake yi masa. Sannan ya zauna a ƙasa ya ce, "Shayi."

Nasa yake nufi. Lokacinsa ya wuce da awa biyu. Bai san yadda ake kunna risho ba, ni na hana shi koya, don tsoron wuta. Shekara talatin da huɗu ina hana shi abubuwa don tsoro, yau ga shi zaune yana jiran shayi a gaban matar da ba ta iya tashi.

Na tashi na dafa.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Na yi wata addu'a yau wadda bai kamata uwa ta yi ba. A kan wa zai riga wa. Na yi istigfari har yatsuna suka gaji. Da ya shigo da makullansa na kasa kallonsa.

Saura sati ɗaya. Ba mutum biyu, ba ko ɗaya. Ba sa hannu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Mai kemis ya yi sallama da kansa, bai ma buɗe shago ba. Ya ƙi zama. Ya ce, "Sista, maganin da kike aika a sayo miki a can bakin kasuwa don kada in gani, mai shagon abokina ne."



Ya ce matarsa ta hana shi barci da maganar, ta ce in ya ƙi, da wane ido zai riƙa kallon Manaja. "Na yarda. Amma da sharaɗi. Na biyun ya zama jininsa. In ba haka ba, kwana arba'in ba za a yi ba za a kai ni kotu."

Na ce jininsa ba ta ɗaukar wayata.

Ya ce, "Kin gaya mata abin da ke akwai?"

Na ce ba na son ta sa hannu don tausayi.

Ya ce, "To don me kike so ta sa?"

Ya fita ya buɗe shagonsa.

Laraba, 19 ga wata, da rana

Na rubuta mata saƙo sau huɗu na goge. Na biyar na tura: "Ki zo." Shi ke nan.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta zo. Ba saƙona ne ya kawo ta ba, ta ce dama ta yanke za ta zo ta ga mai kemis ɗin nan ido da ido. Ta shigo da ƙaramar jaka da fuskar faɗa, tun daga tsakar gida take cewa, "Umma, ina takardar?"

Ina zaune a bakin gado, ban sa mayafi ba, ban yi tsammanin kowa ba. Rabonta da ni wata bakwai.

Ta tsaya a ƙofa. Jakar na hannunta. Ta dubi wuyana, ta dubi hannuwana, ta dubi zoben da na ɗaure da zare don kada ya zame. Ta ce, "Mura."

Na ce, "Zauna."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Duka, har da abin da likita ya ce cikin goma.

Na zaci kuka za ta yi. Faɗa ta yi, wanda ya fi na waya. Ta ce, "Kin gwammace in ɗauka kin tsane ni da ki ce mini ba ki da lafiya. Ko a wannan ma ba ki ga na isa ba. Lauya ta sani, mai kemis ya sani." Na ce su ma ban gaya musu ba, gani suka yi. Ta ce, "Da kin bar ni na zo, ni ma da na gani."

Manaja ya leƙo ya ce, "Auta, alawa." Kullum in ta zo da ita take zuwa masa. Yau ba ta kawo ba. Nan ne ta fashe da kuka. Ya tsaya yana bubbuga mata kafaɗa da ƙarfi yana cewa, "Bari, bari, gobe."

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mu uku a wurin lauya, ni da Auta da mai kemis. Auta ta riƙe ni a matakala, ban ƙi ba.

Shafi goma sha huɗu, ta karanta kowanne, da yatsa a kan layi. Awa ɗaya da rabi. Ta sa an gyara wuri biyu: mai kula da Yaya ita za ta zaɓa, kuma ɗakin da ta tashi a ciki ba za a taɓa sa ɗan haya ba, nata ne duk ranar da ta zo. Ta tambayi mai kemis tambayoyin da ni na ji kunyarsu. Ya amsa duka bai ɓata rai ba.

Lauya ta ce mata, "Kin gane in kin sa hannu ba ki da ikon neman rabonki muddin yana raye? Yana iya kai shekara saba'in."

Ta ce, "Allah ya kai shi."

Ta ɗauki biro, sai ta ajiye.

Ta ce, "Umma, saura ɗaya, kuma ba a takarda ba. Ke za ki gaya wa Yaya da bakinki. Ba zan tsaya ranar Litinin yana tambayata ina kike, ina yi masa ƙaryar mura ba."

Na ce ba zai gane ba.

Ta ce, "Haka kika ce a kaina."

Na ce to. Ta sa hannu sau biyu, na mai rabo da na mai riƙo. Mai kemis ya sa, na sa. Lauya ta buga hatimi. Na zaci zan ji nauyi ya sauka. Abin da na ji shi ne gidan da na share shekara arba'in ina sharewa ba nawa ba ne yanzu, kuma saura kwana uku.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Auta ta je wurin Baffa ita kaɗai. Ta daɗe. Da ta dawo ta ce ya yi fushi, ya ce an mai da shi bare, amma ya ce zai zo asibiti. Ban tambayi sauran ba.

Ban gaya wa Manaja ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya masa. A tsakar gida, a kan tabarma, Auta na zaune a gefe tana jira kamar mai gadi.

Na ce, "Manaja, gobe zan tafi asibiti. Ba aiki ba, ni za a duba." Ya ce, "Allura." Na ce e, har da allura. Na ce zan kwana da yawa. Na ce wataƙila in dawo, wataƙila in tafi wurin Baba.

Ya san Baba bai dawo ba. Ya kama murza gefen tabarma. Na jira kuka, na jira ihun da yake yi in abu ya fi ƙarfinsa. Sai ya miƙo hannuwansa biyu ya baje yatsu a gabana.

Ya ce, "Wa zai yanke?"

Duk ranar Lahadi nake yanke masa farce. Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa yi sai ni, ko babansa bai yarda da shi ba. Na cika shafi ashirin a ɗaya gefen littafin nan, magani, abinci, sabulu, aski, wannan ban tuna ba.

Auta ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko abin yankan. Ta zauna a gabansa ta ce, "Yaya, kawo." Ya ɓoye hannun a hammata yana kallona. Na ce, "Ba ta." Ya daɗe, sannan ya miƙa mata ƙaramin yatsa kawai.

Ba ta iya ba. Tana riƙe hannun a karkace, tana farawa daga tsakiya maimakon gefe. A yatsa na uku ta shiga nama, ya ja da baya ya ce, "Umma." Jini ɗan kaɗan. Hannuna ya riga ya tashi. Na mai da shi na tura ƙarƙashin cinyata, na danne, na ɗora ɗayan ma.

Auta ta ce, "Yi haƙuri, Yaya. Saura bakwai."

Ya dube ni. Ya tsotsi yatsan, ya goge a rigarsa, ya miƙa mata na huɗu.